Tagwaye a Aji Ɗaya: A Raba Su Ko a Bar Su Tare?

Wata uwa ta aiko da tambaya kan 'ya'yanta tagwaye, Hassana da Hussaina, 'yan aji uku na firamare. Tun suna nazare benci ɗaya suke zama. A zangon da ya wuce Hassana ta zo ta 2, Hussaina ta zo ta 17, kuma tun ranar da aka ba da sakamako Hussaina ke tashi da ciwon ciki duk safiyar makaranta. Hedimasta ya ce a raba su aji. Mahaifinsu ya ce ba a raba 'yan biyu. Ita kuwa ta rasa maganar wa za ta ɗauka.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A 2018 masu bincike na Jami'ar Goldsmiths da ke Landan da abokan aikinsu sun fitar da nazari kan dubban tagwaye a Birtaniya da Kanada, 'yan shekara 7 zuwa 16. Ba su ga wani bambancin a zo a gani ba a ƙoƙarin karatu tsakanin waɗanda aka raba da waɗanda aka bari tare. Wani nazarin da ya fito a Ingila a 2004 kuma ya nuna cewa yaran da aka raba tun farkon shigarsu makaranta sun fi fama da fargaba da damuwa, musamman masu kama ɗaya. A 2005 jihar Minnesota ta Amurka ta yi dokar da ta bai wa iyaye ikon zaɓi. Ke nan raba aji kaɗai ba zai ɗaga makin Hussaina ba, kuma dokar "dole a raba" ko "dole a haɗa" ba ta da madogara.

Abin da ke cin yarinyar nan shi ne gwadi. Kowane yaro yana da wanda ake gwada shi da shi a gida, amma yana da mafaka: ai yaya ya girme ni, ai ba malaminmu ɗaya ba. Ɗan tagwaye ba shi da wannan mafakar. Ciki ɗaya, rana ɗaya, yunifom ɗaya, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya. Idan tazara ta fito a katin sakamako, abin da yarinya 'yar shekara takwas za ta gaya wa kanta shi ne, ni ce daƙiƙiya. Sai gwaggo ta zo ta ɗora da "me ya hana ki zama kamar 'yar'uwarki?" Daga nan ciwon cikin safe yake farawa.

Mu ma muna da hannu a ciki. Muna ɗinka musu kaya iri ɗaya, muna kiransu da "'yan biyu" kamar ba su da suna, malami ya ce "ke, wacce ce ma a ciki?" aji ya yi dariya. Akwai ma malamin da ke jin tsoron yi musu gyara, wai kada su turo masa kunama. Wannan camfi ne, kuma yaran yake cuta. Alhali yawancin tagwayen da ake haifa a yankinmu daga ƙwai biyu suke, kusancin halittarsu bai wuce na wa da ƙani ba. Masu kama ɗayan ma zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa na'urar JAMB ba ta ruɗewa da su.

Kafin komai, ki kai Hussaina asibiti a duba idonta da kunnenta, a kuma tabbatar ciwon cikin ba wata cuta ba ce. Tagwaye sun fi sauran yara zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi, kuma sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya jin jiki. Yarinyar da ba ta ganin allo sosai za ta dogara da littafin 'yar'uwarta shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Sannan ki je makarantar da kanki ki zauna da malamar ajin. Kada ki tsaya a kan maki. Ki tambaye ta: idan aka yi wa Hussaina tambaya, wa ke amsawa? Tana da ƙawa tata ta kanta, ko ƙawayen Hassana take ara? Idan Hassana ba ta zo ba, tana magana a aji? Amsoshin nan sun fi katin sakamako faɗin gaskiya. Ki roƙi a raba musu benci, ɗaya a wannan layi ɗaya a wancan, kuma a riƙa kiran kowacce da sunanta.

A gida, kowacce ta yi aikin gidanta ita kaɗai, ko da minti ashirin ne. Ranar sakamako ki duba na kowacce a keɓe, ki gwada Hussaina da Hussainar zangon baya. Dangi masu gwadi kuwa, ki taka musu burki cikin ladabi, a gaban yaran, don su ji kin tsaya musu.

Idan aka yi zango guda a haka, har yanzu Hassana ce bakin Hussaina, ko faɗan aji na biyo su gida, to raba su ya zama alheri. A yi shi a farkon shekarar karatu, a yi musu bayani tun da wuri don kada su ɗauka horo ne, a bar su su tafi tare, su ci abincin tara tare, su zauna tare a Islamiyya. Mahaifinsu ma zai fi saurin yarda idan ya ga ba zumuncinsu ake son yankewa ba.

Shawarata a wannan zangon: kada a raba su aji tukuna. A raba benci, a duba lafiya, a daina gwadi. Yau da dare kuma ki ja Hussaina ɗaki ita kaɗai, ba tare da Hassana ba, ki tambaye ta abin da take so.