Babi na Bakwai: Jawo Mambobi da Riƙe Su a Wasannin Kwatancen Ƙwallo na Intanet

7.1 Gabatarwa

Kusan kowace ƙungiya takan fara ne da cika da batsewa. Ranar buɗewa sai a rasa wurin zama, amma kafin wata uku sai a nemi mutum goma a rasa. Wannan babi zai nazarci wannan matsala a wani fage da matasa suka rungume shi, wato wasannin kwatancen ƙwallon ƙafa da ake yi ta intanet. An zaɓi fagen ne saboda a nan matsalar take fitowa fili ƙarara. Waɗanda suke wasan ba dangi ba ne, ba maƙwabta ba ne, babu kunyar ido a tsakaninsu. Wanda ya gaji ba ya bukatar sallama, daina leƙowa kawai zai yi. Saboda haka duk abin da ya riƙe mutum shekara da shekaru a irin wannan wuri ya cancanci malami ya san shi.

7.2 Ma'anar wasan kwatance

Wasan kwatance shi ne wasan da ake kwatanta wani al'amari na zahiri a cikin kwamfuta, a bi dokokinsa, a fitar da sakamako ta hanyar lissafi. An guje wa kiran sa wasan kwaikwayo ne domin tuni wannan suna ya zauna a kan wani reshe na adabi, kuma haɗa su zai rikita ɗalibi. A wasan kwatancen ƙwallo mutum ba ya buga ƙwallo ko da a kan allo. Matsayin manaja yake riƙewa: ya sayi 'yan wasa, ya horar da su, ya tsara yadda za su tsaya a fili, ya kuma kula da asusun kulob.

Irin wannan wasa ya girmi yaɗuwar intanet. A Ingila, Kevin Toms ya fitar da wani mai suna Football Manager a 1982, sannan 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager a 1992. A waɗannan, mutum da kwamfutarsa yake karawa. Da intanet ta zo sai abokin karawa ya zama mutum ɗan'uwansa, daga nan ne kuma maganar mambobi ta taso, domin gasar da ba mutane a cikinta kango ce.

7.3 Jawowa

Jawo mutane shi ne ɓangare mafi sauƙi. Hanya mafi ƙarfi ita ce gayyatar aboki. Wasan Fantasy Premier League, wanda hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta fara a kakar wasa ta 2002/2003, misali ne a kan haka. Shiga kyauta ce. Ana ba kowa kuɗin wasa, ba na gaske ba, fam miliyan 100, ya zaɓi 'yan wasa 15 daga cikin na gaske, ba fiye da uku daga kulob ɗaya ba, sai ya riƙa samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Kowane mamba yana iya buɗe ƙaramar gasa ta kansa ya aika wa abokansa lambar shiga. Ta haka kowane mamba ya zama mai yekuwa. A kakar 2022/2023 masu rajista sun haura miliyan 11, kuma matasan Nijeriya da suka saba da gidajen kallon ƙwallo suna cikin masu yin sa.

Sai dai yawan rajista ba shi ne yawan mambobi ba. Sanannen abu ne a wannan wasa cewa mutane da dama sukan tsara kulob a watan Agusta, su yi mako huɗu ko biyar, su watsar. Sunansu yana nan a jadawali har ƙarshen kaka, amma babu kowa a bayansa. Shugaban da yake auna nasararsa da kaurin littafin rajista yana ɗiban ruwa ne da kwando.

7.4 Tushen matsalar: tazarar tsohon hannu da sabon shiga

Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A wasan da yake ci gaba ba yankewa, wanda ya shekara uku ya tara kuɗi da ƙwararrun 'yan wasa da sanin dabaru. Sabon shiga yana zuwa da kulob mai rauni, a lallasa shi a makon farko, a maimaita a na biyu, sai ya ga ba shi da wurin zama. Idan kuma aka ce za a karɓe wa tsofaffi abin da suka tara domin a faranta wa baƙi, sai tsofaffin su ga an ci amanarsu. Mafi yawan dabarun riƙe mambobi ƙoƙari ne na warware wannan ƙulli, kuma wasanni uku sun bi hanyoyi uku mabambanta.

Na farko shi ne Hattrick, wanda Björn Holmér ya ƙirƙiro a ƙasar Suwidin a 1997, kuma har yanzu ana yin sa. Hattrick bai taɓa dukiyar kowa ba, raba mutane ya yi hawa-hawa. Kowace ƙasa tana da gasarta, kowane rukuni kuma kulob takwas ne. A mataki na farko rukuni ɗaya ne, a na biyu huɗu, a na uku 16, a na huɗu 64, a na biyar 256, a na shida kuma 1,024 a ƙasashen da suke da jama'ar da ta kai haka. Sabon shiga a ƙasa yake farawa, inda galibin abokan karawarsa tsararsa ne. Ba a ce masa ya ka da zakaran ƙasa ba, an dai ce ya fi mutum bakwai. Wannan buri ne da hannu zai iya kaiwa. Kakar wasa mako 16 ce, 14 daga ciki na wasannin rukuni, gida da waje. Ke nan wanda ya fara daga mataki na shida, ko da kowace kaka yana hawa, sai ya yi mako 80 kafin ya isa ƙololuwa. Nisan tafiyar da kansa yana cikin abin da ke riƙe mutum, muddin yana ganin matakalar da zai taka ta gaba.

Akwai wani abu a tsarin Hattrick da ya kamata a tsaya a kansa, shi ne yadda yake tafiyar da lokaci. Wasan rukuni sau ɗaya ne a mako, a rana da sa'a sanannu, sai na kofi ko na sada zumunci a tsakiyar mako. Manaja yana tsara 'yan wasansa tun kafin lokaci, kuma ko yana nan ko ba ya nan za a buga. Horo ma sau ɗaya yake yin tasiri a mako. Sakamakon haka shi ne, wanda yake kwana a gaban kwamfuta bai fi ma'aikacin da yake leƙowa na minti talatin da wani abin kirki ba. Tsarin ya yi kama da na kasuwar mako: ba kullum take ci ba, shi ya sa ake ɗokin ranarta, shi ya sa kuma ba ta hana kowa nomansa. Wasan da ya nemi dukkan lokacin mutum yakan rasa shi ranar da ya sami aiki ko ya yi aure.

Hanya ta biyu ita ce wadda Football Manager Live ya bi. Kamfanin Sports Interactive ne ya yi shi, Sega ta fitar da shi kasuwa a farkon 2009, kuma sai an biya kuɗi ake shiga. An kasa mambobi gida-gida, kowane gida yana ɗaukar manajoji har dubu, kuma kowane ɗan wasa na gaske guda ɗaya ne tak a cikin gidan. Waɗanda suka riga zuwa sai suka kwashe na kirki. A 2010 kamfanin ya share komai, ya mai da kowa farko. A takarda wannan adalci ne, amma mutumin da ya yi watanni yana gina kulob, yana kuma biyan kuɗi, ya wayi gari ba shi da komai. A 2011 aka rufe wasan baki ɗaya, domin masu biya ba su kai yawan da zai ɗauki nauyinsa ba. Ba za a ɗora laifin duka a kan sharewar ba, amma ba ta ceci wasan ba.

Abin lura shi ne, Fantasy Premier League ma yana share komai, kuma a kowace shekara, amma ba wanda yake ƙorafi. Wannan ita ce hanya ta uku. Bambancin shi ne kowa ya san da haka tun ranar da ya shiga: kaka mako 38 ce ta wasa, idan ta ƙare kowa ya koma sifili. Abin da ya tunzura mutane a wancan wasa canza doka ne a tsakiyar tafiya. Ban da wannan, an tanadi wasu ƙofofi domin wanda aka bari a baya. Akwai gwarzon wata, akwai gasar kofi da ake farawa bayan kaka ta yi nisa, akwai damar sauya 'yan wasa gaba ɗaya sau biyu a kaka ba tare da an rage maki ba. Wanda ya shigo a makare kuma ana haɗa shi a jadawali ɗaya da waɗanda suka fara a mako ɗaya da shi.

7.5 Amana, aiki da abokai

Tsari kaɗai ba ya riƙe mutum idan yana zargin ana cutarsa. Hattrick kyauta ne, amma akwai kuɗin goyon baya da mai so yake biya ya sami ƙarin alƙaluma da kayan ƙawata kulob. An gina shi a kan ƙa'idar cewa wannan kuɗi ba ya sayen nasara a fili. An kuma hana mutum ɗaya buɗe rajista biyu, domin kada ya riƙa sayar wa kansa 'yan wasa a farashin banza. Ranar da talaka ya gane cewa mai kuɗi zai iya sayen kofi, ranar zai tattara nasa ya nasa.

Su wane ne suke tsare waɗannan dokoki? Galibinsu mambobi ne da suka ba da kansu. Daga cikinsu ake samun masu binciken maguɗi, da masu jagorantar sababbin shiga, da masu fassara wasan zuwa harsunansu. Aikin fassarar ba ƙarami ba ne, kuma ɗalibin harshe zai so ya gwada shi. A Hattrick ana bayyana ƙwarewar ɗan wasa da kalmomi, mataki ashirin, daga mafi muni zuwa mafi ɗaukaka, kuma dole mai fassara ya samo kalmomi ashirin da mai karatu zai gane wace ce ta fi wace. Haka nan mambobi ne suke zaɓen kocin ƙungiyar ƙasarsu ta hanyar ƙuri'a. Mutumin da aka ɗora wa nauyi ya daina zama baƙo, kuma baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi.

Sai kuma abokai, wanda shi ne ƙarfin ƙananan gasanni. Mutum ba ya damuwa da kasancewarsa na miliyan uku a duniya, amma ba zai yarda abokin aikinsa ya wuce shi da maki biyar ba, domin ranar Litinin za su haɗu. Wannan raha da tsokana ita ce take dawo da shi ko da kulob ɗinsa ya lalace. A Hattrick kuwa akwai kishiyar wannan: idan manaja ya daina shigowa na wasu makonni, sai kwamfuta ta karɓi kulob ɗinsa har a sami sabon mai shi. Sabon shigan da ya faɗa rukunin da irin waɗannan marayun kulob suka yi yawa zai yi ta cin wasa, amma ba wanda zai taya shi murna ko ya ji haushinsa. Sau da yawa kaɗaici ya fi shan kashi saurin korar mutum.

Duk da haka, kada a ɗauka akwai dabarar da take hana raguwa har abada. Mambobin Hattrick sun kusa kai miliyan ɗaya a wajen 2009, daga baya suka ragu ƙwarai, a zamanin da wayoyin hannu suka kawo wasanni masu saurin sakamako. Abin da tsarin ya yi shi ne riƙe wani ginshiƙi na mutane da ya isa wasan ya rayu fiye da shekara 25.

7.6 Abin da ya shafi malami

Malamin da aka ba kula da ƙungiyar Hausa ko ta muhawara zai tarar da wannan tazara a makon farko na shekara. 'Yan aji shida sun iya magana, 'yan aji ɗaya suna raɓe a bango. Idan ya haɗa su a muhawara ɗaya, ƙananan ba za su dawo ba. Zai fi masa ya kasa su hawa-hawa, ya tsai da rana ɗaya da ba ta canzawa, ya faɗi dokokin gasa tun farkon zango, ya kuma ba kowane sabon ɗalibi wani ɗan aiki, ko da riƙe agogon muhawara ne. Wajen rubuta rahoto kuma, ya ƙidaya waɗanda suka halarci zama na shida, ba waɗanda suka rubuta suna ranar farko ba.

Jinga

1. Me ya sa ba a kira wannan wasa da sunan wasan kwaikwayo ba? Kawo wani suna da kake ganin ya dace, tare da hujja.
2. Football Manager Live da Fantasy Premier League duk sun mai da mambobinsu farko. Bayyana dalilin da ya sa sakamakon ya bambanta.
3. Jera kalmomin Hausa goma da suke nuna ƙwarewa, daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi, sannan ka gwada su a kan abokan karatunka ka ga ko za su amince da jerin.