TASIRIN MUHALLI DA YANAYI A RAYUWAR MUTANEN ƘASAR DUTSE

1.0 Gabatarwa

Al'adun kowace al'umma suna da tushe a cikin ƙasar da take zaune a kai. Irin abincin da mutane suke ci, da ginin da suke yi, da sana'o'insu, har ma da sunayen garuruwansu, duk ba su rasa nasaba da muhalli da yanayi. A wannan darasi za a dubi ƙasar Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa, domin a ga yadda duwatsu da jigayi da fadamu suka tsara rayuwar mutanen da suka daɗe suna zaman bakin iyaka a gabashin ƙasar Kano.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa da Sunaye

Ƙasar wannan yanki ta kasu kashi uku. Akwai duwatsu, kamar waɗanda suka kewaye tsohon garin Dutse da na Birnin Kudu. Akwai jigawa, wato tudu mai rairayi, wadda ta fi yawa idan aka nausa arewa. Sannan akwai fadama, wato kwari mai laka da damshi, musamman a bakin Kogin Haɗeja wajen Ringim. Sunayen wurare kansu shaida ne. Dutse ta samo sunanta daga duwatsun da take ciki, kamar yadda jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991 ta samo nata daga jigayi. Haka kuma akwai garin Jigawar Tsada a kusa da Dutse.

3.0 Dutse a Matsayin Garkuwa

Zaman mutane a gindin duwatsun yankin ya daɗe ƙwarai. Zane-zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu sun tabbatar da haka. Tarihin baka kuma ya danganta kafuwar Dutse da wani maharbi da ake yi wa laƙabi da Gadawur, shi ya sa ake cewa Dutsen Gadawur.

Dalilin son dutse a bayyane yake. Wanda ke kan dutse yakan hango ƙurar mahaya tun daga nesa, doki kuwa ba ya sukuwa a tsakanin duwatsu. Wannan kariya ta taimaka wajen ɗaukaka darajar garin. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma Sarki Kumbari (1731-1743) ya yaƙi Dutse a zamanin Sarkinta Ada, amma bai shiga garin ba. Har yau fadar Sarkin Dutse tana Garu, a tsakiyar duwatsun nan.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Ningawa, waɗanda su ma duwatsu ne mafakarsu, suka matsa wa kudanci da gabashin masarautar Kano da hare-hare. Ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram da Dutse suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. Abin lura a nan shi ne, manomi ya sami kansa a tsaka mai wuya: tsira tana cikin ganuwa da dutse, abinci kuwa yana can fili. Saboda haka sai mutane suka cure a garuruwa masu ganuwa, suna noma gonakin kusa, dazuzzukan nesa kuma suka zauna babu mai taɓa su. Sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, hare-hare suka kau, sannan jama'a suka bazu suna saran daji suna kafa ƙauyuka.

4.0 Yanayi da Tsarin Shekara

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba. A cikin wannan ɗan lokaci ake neman abincin shekara guda, shi ya sa ake mata kirari da uwar albarka. Ƙurewar lokacin ce ta ƙarfafa al'adar gandu da ta gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kowace ƙasa da abin da take karɓa. Jigawa tana saurin tsotse ruwa, don haka gero da wake da gyaɗa da riɗi suka fi dacewa da ita. Fadama kuwa takan ba da shinkafa da rake, sannan a yi lambu da rani, a dā da jigo, yanzu da injin ban ruwa. Damshin da ke kwance a kwarurrukan Dutse, tare da zafi da bushewar iskar rani, su suka sa dabino ya karɓi ƙasar, har aka kafa tashar binciken dabino a garin.

Idan aka kai amfani rumbu, sai rani ya buɗe wata rayuwar. A lokacin ne ake gini da yaɓe, da bukukuwan aure, da fatauci, da tafiya cin rani. A zamanin dā ma, yaƙi galibi aikin rani ne, lokacin da koguna suka janye, hanyoyi suka bushe.

5.0 Fari da Ambaliya

Yanayi ba kullum yake kwana da daɗi ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta girgiza ƙasar Kano baki ɗaya, haka ma farin 1972 zuwa 1974. Irin waɗannan shekaru su suka koya wa magabata ajiye hatsi a rumbu, da haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ta yadda in wani ya ƙi, wani zai yi. A ɗaya ɓangaren kuma, ambaliyar 2022 ta cinye gidaje da gonaki da rayuka a sassa da dama na Jigawa. Wannan ya tuna mana hikimar magabata, waɗanda suke kafa gida a tudu, su bar wa ruwa kwari.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa dutse ya ba mutanen wannan yanki tsaro, jigawa ta ba su hatsi, fadama kuma ta rufa musu asiri da rani. Malamin da zai koyar da al'ada bai san ƙasar da ta haife ta ba, haddar sunaye kawai zai bai wa ɗalibansa.

7.0 Tambayoyi

1. Bayyana dalilai biyu da suka sa mutanen dā suka zaɓi zama a gindin duwatsu.
2. Kwatanta amfanin jigawa da na fadama ga manomi.
3. Tattaro sunayen garuruwa biyar na yankinku da suka samo asali daga shimfiɗar ƙasa, ka yi bayanin kowanne.