Maye da tuƙi ba su gama hanya

Ƴan uwa, darasinmu na yau a kan tuƙi ne cikin maye.

Daga Madarunfa zuwa Maraɗi ba nisa. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ma haka. Amma hanya ba ta san kusa ba. Ranar kasuwa, ga motoci, ga kabu-kabu, ga amalanke, ga yara suna kora bisashe. Direba guda in ya bugu, duk waɗannan suna cikin hatsari.

Mi maye ke yi wa direba? Giya da burkutu suna shiga jini, su hau ƙwaƙwalwa. Ido ya rage gani, ƙafa ta yi jinkirin taka birki. Mutum kuwa ji yake ya fi kowa iya tuƙi. Shan kafe ko wanke fuska ba su fidda giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, sannu sannu, cikin awoyi.

Ba giya kaɗai ba. Ƙwayar tramol da wasu ƴan kabu-kabu ke sha don kashe gajiya, ita ma maye ce. Tana kawo gyangyaɗi, wani lokaci har farfaɗiya bisa babur.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya. Shi ya sa ƙasashe suka kafa doka. Dokar hanya ta Nijar ta hana tuƙi cikin maye. Wanda jandarma ko ɗan sanda ya kama, yana iya shan tara, ko ya rasa permi, ko ya tahi gidan kaso.

A Faransa, ana ba direba wata na'ura ya hura. In giya ta kai rabin giram cikin litar jini, ya yi laifi. A 2019 sun sa ƙaramin keken lantarki, wanda ake hawa a tsaye, cikin dokar hanya. Ƙanƙantar abin hawa ba ta wanke mashayi. Wanda kuwa kotu ta hukunta, ya sake, sai a soke permi nasa. Dalili shi ne, mai maimaita laifi ya nuna gargaɗi bai ishe shi ba.

Mu fasinja ma da namu aiki. In ka ji warin giya ga direba, ko ka ga idonsa ya juye, kada ka hau. In ka riga ka hau, ka ce ya tsaya ka sauka. Kunyar minti guda ta fi jinyar shekara.

Tambayoyi
1. Mi maye ke yi wa ido da ƙafar direba?
2. Kafe yana fidda giya daga jini?
3. Don mi ake tsananta wa wanda ya sake laifi?
4. Rubuta jimla guda da za ka faɗa wa ɗan kabu-kabu mai shan tramol.