Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Zazzaɓin Damina

Wata mai sauraronmu daga Gusau tana tambaya: me ya sa ake bi gida-gida da damina ana ba yara magani alhali lafiyarsu ƙalau?

To Hajiya, rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, bayan bincike ya nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Duk wata ake sha, kwana uku a jere. Ma'aikaci ke ba da na ranar farko, sauran suna hannunki. Nan gizo ke saƙar, domin wata uwar takan adana su sai ranar ciwo. Don Allah ki tabbata yaronki ya shanye, ya kuma kwana cikin gidan sauro.