Itacen da Ka Raina da Hannunka

Manoma ƴan'uwa, darasinmu na yau a kan gawo yake, da kuma mutanen da suka ƙi zama jiran a kawo masu agaji.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Itatuwa suka mutu, waɗanda suka rage aka sare su aka sayar domin a sayi hatsi. Gonaki suka zama fili fetal. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya shuka gero sau biyu ko sau uku a damina ɗaya. An kafa wuraren renon itace, an raba dashe, amma yawancinsa bai rayu ba. Dalili kuwa a fili yake: itacen da ba na kowa ba ne, babu mai ba shi ruwa, babu mai kore masa akuya.

A shekarar 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki a Maradi, ya lura da wani abu. Ƴan tsire-tsiren da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da suke bukata kawai shi ne a bar su, a gyara su.

A ƙasar Damagaram, manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun kama wannan aiki da ƙarfi, musamman renon gawo. Girmama gawo ba baƙon abu ba ne a nan. Ana ba da labari cewa Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Sai dai a wancan zamani tsoron sarki ne ya tsare itacen, a wannan karo kuwa manomi ne ya ga amfaninsa da idonsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba dasa su aka yi ba, renon su aka yi.

Me ya sa gawo? Shi dabam yake da sauran itatuwa. Da damina yakan zubar da ganyensa, saboda haka ba ya hana gero samun rana. Ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani sai ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu a gona. Ku dubi geron da ke gindin gawo, ku gwada shi da na fili. Mata ma sun samu sauƙi, domin rassan da aka rage sun rage masu tafiya mai nisa neman itacen girki. A Mirya kuwa ganyen kuka miya ne, kuma kuɗi ne a kasuwa.

Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, kada mu share gona ƙaf. Mu zaga mu nemi kututture mai toho, ko na kalgo, ko sabara, ko magarya, ko aduwa, da ƙananan gawo da suka tsiro. A kowane kututture mu zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, mu yanke sauran. Mu rage ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsa. Wuƙa ko gatari ya kasance da kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Mu ɗaura tsumma a jikinsa, kowa ya san yana da mai shi. Bayan ƴan watanni mu koma mu cire sabon tohon da ba mu so.

Wahalar aikin ba a sara take ba, tana wajen tsaro. Mutum ɗaya ba zai iya hana ɓarawon itace da dare ba. Garuruwan da suka ci nasara sun zauna da mai gari da makiyaya da mata, suka yi yarjejeniya. Doka ma ta sauya: a shekarar 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Duk da haka gawo yana cikin itatuwan da aka kare, don haka kafin mu sare babba, mu tuntuɓi ma'aikatan daji na yankinmu.

Kafin darasi na gaba, kowa ya je gonarsa ya ƙidaya kututturen da ke da toho, ya rubuta adadinsu da sunayensu a littafinsa, ya zo da shi aji.