Jam'iyya Ba Gadon Gida Ba Ce

Garagumsa tana yamma da birnin Damagaram, wajen Takieta, inda hanyar Maraɗi ta haɗu da wadda ke bi ta Matamaye zuwa Kano. Mahaɗar hanya ba ta rasa labari, na siyasa kuwa shi ya fi saurin shiga zaure. To, ku sani, duk abin da aka faɗa a zaure akwai kunnen da ke ɗauka, ko da mai kunnen yana zuba muku shayi ne.

Yaro ɗan shekara 15 bai isa jefa ƙuri'a ba, sai ya kai 18. Amma ka tambaye shi, zai gaya maka wane ne ɓarawo, wane ne mai kishin ƙasa. A ina ya sani? Bai karanta manufar kowace jam'iyya ba. Ya ji Baba ya yi tsaki sa'ad da rediyo ta ambaci wani suna, ya ga Inna ta ɗaura atamfa mai hoton wani. Shi ke nan, ya ɗauka, gobe ya kai fada wurin abokai yana rantsuwa a kai.

Abin ba yau ya fara ba. A 1958 Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, RDA ta Jori Hamani ta ce i. A 1959 aka haramta Sawaba, aka bi mutanenta da kamu. Bayan Taron Ƙasa na 1991 jam'iyyu suka dawo, ƙasar Damagaram ta rungumi CDS-Rahama, ɗanta Mahamman Usman ya hau mulki a 1993, sojoji suka sauke shi a 1996. A 2021 ya sake tsayawa da RDR-Canji, ya kara da Muhammad Bazum na PNDS-Tarayya. A 2023 sojoji suka dawo, a 2025 aka rushe jam'iyyu baki ɗaya. Ina tutocin yanzu? Sun tafi. Amma gabar da aka shuka a zukatan yara ba ta san an rushe komai ba, sai ka ga 'yan wa da ƙane ba sa gaisawa, alhali ba su san mafarin faɗan ba.

Ba a ce maigida ya zama marar ra'ayi ba. Wannan ma ba ya yiwuwa. Abin da ake nema shi ne idan ka faɗi ra'ayinka, ka faɗi dalili. Idan wanda ba ka so ya gina rijiya, ka ce ya gina. Idan naka ya yi alkawari ya saɓa, ka ce ya saɓa, a gaban yaron.

Akwai kuma waɗanda nauyinsu ya fi na kowa: maigari, liman, da malamin lakwal. Su na kowa ne. Malamin da ya shiga aji da ra'ayinsa ya ci amanar iyayen rabin ajin, maigarin da ya karkata kuwa, wa zai kawo masa ƙarar iyakar gona?

Don haka, iyaye, ran da yaro ya ce, "Baba, ni ban ga haka ba," kada ku ce ya yi rashin kunya. Ku ce masa, "Zauna, ɗana, kawo hujjarka," ku saurare shi har ya gama.