DARASI: MU AUNA KAFIN MU SAYI INJIN RUWA

'Yan'uwa manoma, kowace shekara da zarar an gama girbi, ƙungiyoyi da yawa sukan tara kuɗi don sayen injin ban ruwa, ko kuwa don sa famfo a rijiyar gari. Wannan abu ne mai kyau. Amma sau da yawa mukan ga sabon inji yana ta kuka a bakin fadama, ruwa bai fito ba. Kuɗin mutum talatin ya tafi, tumatir ya bushe, 'yan ƙungiya sun shiga zargin juna. Galibi ba laifin injin ba ne. Mu ne muka saya tun ba mu auna ba.

A manyan birane akwai gidajen famfo. A Kano, daga Challawa da Tamburawa ake tura ruwan sha zuwa cikin gari. Injiniyan da zai gina irin wannan gida ba da kasuwa yake farawa ba. Yakan fara amsa tambaya uku: Ruwa nawa ake bukata? Daga wane zurfi za a ɗauko shi? Wane irin ruwa ne? Aikinmu ƙarami ne, amma tambayoyin ɗaya ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. RUWA NAWA?

Don sha da girki da wanka, mu lissafta aƙalla lita 20 ga kowane mutum a rana. Ƙauye mai mutum 500 yana bukatar lita 10,000 ke nan, ban da na dabbobi.

Lambu ya fi haka ci nesa ba kusa ba. In za a zuba ruwa mai kaurin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya, sai an sami lita 10,000. Da zafi, tumatir ko albasa sukan sha kamar milimita 5 zuwa 7 a rana. Wato hekta ɗaya tana son lita 50,000 ko fiye kullum.

Ta yaya za mu san abin da inji yake bayarwa? Kada mu dogara ga lambar da aka rubuta a kwali, gama wannan ƙarfinsa ne in ba hawa. Mu aro irinsa, mu kai shi lambun, mu sa tiyo cikin duro mai cin lita 200, mu duba agogo. In duro ya cika cikin daƙiƙa 40, injin yana ba da lita 300 a minti, wato lita 18,000 a awa. Hekta ɗaya za ta ci kusan awa uku kowace rana, ban da ruwan da yake ɓacewa a lambatu. To, yanzu mun san hekta nawa inji ɗaya zai iya ɗauka, mun kuma san man da zai sha. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan lissafi ya zama tilas.

2. DAGA WANE ZURFI?

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Injin da yake zaune a bisa ƙasa ba ya jan ruwa da ƙarfin kansa. Abin da yake yi shi ne ya rage iskar da ke cikin tiyo, sa'an nan nauyin iskar waje da ke danne da ruwan ya turo shi sama. Wannan nauyi yana da iyaka. Ko a bakin teku bai fi ya ɗaga ruwa mita 10 ba, a wajen aiki kuwa kamar mita 7 ne, wato ƙafa 23. A tudu irin na Jos, inda tsawon ƙasa ya kai mita 1,200, iska ta fi sauƙi, sai a rasa fiye da mita ɗaya. Komai girman injin da muka saya, ba zai ƙetare wannan iyaka ba.

Saboda haka mu auna zurfin ruwa da igiya a ƙarshen rani, wajen watan Afrilu, ba a watan Nuwamba ba. Mu sake aunawa bayan an yi awa ɗaya ana ɗiba, gama ruwan rijiya yakan sauka in ana jansa.

In ruwan ya wuce mita 7, sai famfo ya sauka wurin ruwa ya turo shi daga ƙasa. Haka famfon hannu yake aiki. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970, yana ɗago ruwa daga zurfin mita 50. Afridev, na shekarun 1980, yana kaiwa mita 45, an kuma yi shi yadda mutanen gari za su iya sake robobinsa da kansu. Akwai kuma famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, wanda yanzu ake haɗa shi da hasken rana.

Gargaɗi: waɗansu sukan tona rami su saukar da injin fetur don ya kusanci ruwa. Hayaƙin inji yana da guba marar wari, yakan taru a rami ya kashe mutum. Kada kowa ya shiga rami ko rijiya inji yana aiki a ciki, ko bayan an kashe shi nan da nan.

Mu tuna kuma, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai an cika cikin inji da ruwa kafin a tashe shi. In ya juya a bushe, robar da ke tare ruwa takan ƙone. Tiyon ja ya zama gajere, ba huji ko kaɗan. Bututun turawa kuwa, in hanya da nisa, gara mai faɗi. Bututu mai inci 3 ya fi mai inci 2 sauƙin bi wajen sau bakwai.

3. WANE IRIN RUWA?

Injiniyoyi sukan raba ruwa uku: ruwan sha, ruwan sama mai malala, da ruwan ƙazanta. Kowanne da irin famfonsa. Ruwan sama yakan zo da yashi da leda, don haka akan sa masa raga. Mu ma mu ɗaura rariya a bakin tiyo, mu ɗage shi daga ƙasan rafi, gama yashi yana cinye farfelar inji. Injin da ya kwashe ruwan kwata kada ya koma rijiyar sha. Masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare.

Ambaliya ce take haɗa ruwan nan uku wuri ɗaya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri. Inda ambaliya ta bi, masai da rijiya sukan zama ɗaya, amai da gudawa sukan biyo baya. Mu tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, mu gina dakalin famfo da bakin rijiya sama da wurin.

ABU NA ƘARSHE

A gidan famfo na kirki akan sa famfo biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jira. Mu ba mu da kuɗin biyu. Madadinsa shi ne asusun gyara. Kowa ya yi ban ruwa ya biya kuɗin mai, ya ƙara wani abu a kai. Ma'aji ya rubuta a littafi. Mu zaɓi mutum biyu su koyi gyara, mu sayi irin injin da ake samun kayansa a kasuwa mafi kusa.

TAMBAYOYI DON TARON ƘUNGIYA

1. Hekta nawa muke so mu shayar, lita nawa ke nan a rana?
2. Mita nawa ne zurfin ruwanmu a watan Afrilu? Wa zai auna?
3. Ina ambaliya ta taɓa kaiwa a garinmu?
4. In inji ya tsaya gobe, nawa ne a asusunmu?

Kada mu aika kowa kasuwa sai mun rubuta amsoshin nan huɗu.